Tarken Tauraro: Pinokiyo Tsakanin Littafi da Ƴar Tsana

Gabatarwa

Masu tara ƴaƴan tsana suna ɗaukar su hoto kan ce ƙaunar tauraron labari ce ta ja su. Wannan takarda za ta auna maganar da Pinokiyo, yaron katako na marubucin Italiya Carlo Collodi, domin a ga ko abin da ake adanawa shi ne tauraron da aka rubuta.

Tauraron Littafi

Labarin ya fara fitowa kashi-kashi a wata jaridar yara a 1881, ya zama littafi mai babi 36 a 1883. Pinokiyon Collodi ba abin sha'awa ba ne a farko. A babi na 4 ya jefi gyaren da ke yi masa nasiha da guduma, ya kashe shi. Jepeto, wanda ya sassaƙa shi, ya sayar da rigarsa cikin sanyi ya saya masa littafin koyon karatu, shi kuwa ya sayar da littafin don ya shiga kallon wasa. A babi na 15 aka rataye shi a bishiya, kuma a nan marubucin ya dakatar da labarin, sai da aka matsa masa sannan ya ci gaba. Ke nan jigon ya ginu a kan talauci, yunwa da sakamakon ƙin jin magana.

Tauraron Ƴar Tsana

Ƴan tsanan da ake sayarwa sun fi bin zanen Attilio Mussino na 1911 ko fim ɗin Disney na 1940. A littafi, rigarsa ta takarda ce, takalmansa na ɓawon itace, hularsa ta burodi, wato tufafin ɗan matalauci. Disney ya sa masa hula mai gashin tsuntsu da farar safar hannu, ya raya gyaren ya mai da shi abokin tafiya. Haka kuma dogon hanci ya zama alamarsa, alhali a littafin tsawon hanci saboda ƙarya bai zo ba sai a babi na 17. Dalili shi ne hoto yana kama siffa, ba ya kama sauyin hali, tauraro kuwa da sauyin hali ake gina shi.

Kammalawa

A ƙarshen littafin Pinokiyo ya zama mutum, ya dubi gangar katakon jingine da kujera, ya yi murnar rabuwa da ita. Wannan gangar da ya bari ita ce masu tarawa ke adanawa. Ƙaunarsu ba laifi ba ce, don ta taimaka sunansa ya ɗore fiye da shekara 140. Sai dai wajibi ne ɗalibi mai tarken tauraro ya kafa hujjarsa da ayyuka da maganganun da ke cikin matani, babi bayan babi.