Ranar da Tom ya fasa auren Kirsty: laifin ango ne ko na marubuta?

Mai karatu, in ka saba da finafinan da ake tsayar da ɗaurin aure ana dab da shafa fatiha, za ka ce wannan ai tsohon zance ne. To amma ka saurara. A Ingila akwai wani wasan kwaikwayo na rediyo mai suna The Archers, wanda BBC ke watsawa tun 1951, kan rayuwar manoman wani ƙirƙirarren ƙauye, Ambridge. A watan Afrilun 2014 an yi wani abu a cikinsa da ya tada hankalin masu sauraro. Coci ya cika, amarya Kirsty Miller ta sha kwalliya, sai ango Tom Archer ya keɓe da ita ya ce shi fa ba zai iya ba. Ihun da ta kurma ya daɗe a kunnen jama'a.

Nan fa aka rabu. Wasu suka yi wa Tom kaca-kaca, kai ka ce ƙanwarsu ya wulaƙanta. Wasu kuma marubutan suka tasa gaba, suka ce tunda Sean O'Connor, wanda ya taɓa aiki a EastEnders na talbijin, ya karɓi ragamar shirin a 2013, an maida wasan manoma na hargowa.

Ni dai ban bi ɗayansu ba. Duk wanda ya daɗe yana bin labarin ya san tsiyar ba a coci ta faro ba. A 1998 ne yayan Tom, wato John, ya rasu bayan tarakta ta kife da shi a gona, kuma mahaifinsu Tony ne ya tarar da gawar. Uwarsu Pat ta daɗe cikin ciwon damuwa. Shi kuwa Tom, yana matashi, sai ya rungumi kiwon aladen marigayin da sana'arsa, ya zama shi ne magajin gida. Kowa na yaba masa, ba wanda ya tambaye shi ko abin da ransa ke so ke nan. Shekara 16 yana sanye da rigar mamaci! Ranar auren ce rigar ta shaƙe shi. Wannan ba uzuri ba ne, don Kirsty ba ta kashe kowa ba, amma dalili ne, kuma marubuci dalili ake binsa bashi.

Inda nake da ja da su shi ne abin da ya biyo baya. Maimakon su bar Tom a ƙauyen ya sha kunyarsa, ya riƙa cin karo da Kirsty a shago, ya zauna gaban iyayensa a yi maganar John ɗin da aka daɗe ana kauce wa, sai suka ɗora shi a jirgi zuwa Kanada. Haba! Wurin da naman labarin yake, nan suka tsallake. Da ya dawo kuwa har murya ta canza, don an maye gurbin ɗan wasa Tom Graham da William Troughton. A rediyo, inda murya ce fuska, mai sauraro ya so ya ji wanda ya yi laifin yana ba da haƙuri da bakinsa, sai aka turo masa wani baƙo.