Homa da Gora: Shin Kuɗi na Sayen Nasara a Wasannin Kati na Waya?

Idan ka taɓa zama a majalisar samari a Badariya ko Gesse a Birnin Kebbi bayan sallar isha'i, da wuya ba ka ji wannan gardamar ba. Mutum biyu sun duƙufa a kan waya, an tashi wasa, sai wanda aka cinye ya ce, "Wanga ba iyawa ta ba, kuɗɗi na." Shi kuma wanda ya ci ya ce ai ko kyauta aka ba abokinsa katunan nan ba zai iya sarrafa su ba. Kowa na da 'yar gaskiyarsa. Amma lissafi zai iya raba wannan gardamar, kuma abin da ya nuna ba zai yi wa kamfanonin wasa daɗi ba.

Wane irin wasa muke nufi?

A whot ko karta, kowa daga tari ɗaya yake ja. A dara, kowa 'ya'ya goma sha biyu yake zubawa. Wasan tara kati ya sha bamban: kai za ka haɗa naka damin katin tun daga gida, daga cikin katunan da ka mallaka, ka zo ka kara da wani wanda shi ma ya haɗo nasa. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, shi ya fito da wannan tsarin a 1993 da wasan Magic: The Gathering, a kan katin takarda. Daga baya abin ya koma waya da kwamfuta: Hearthstone a 2014, Clash Royale a 2016, Yu-Gi-Oh! Master Duel da Marvel Snap a 2022, Pokémon TCG Pocket a 2024.

Kana iya cewa ai ba su samarinmu suka fi bugawa ba, ƙwallo suke yi. To, eFootball da FC Mobile ma wannan tsarin ne a cikin rigar ƙwallo. Kowane ɗan wasa kati ne mai lambobin gudu da bugu, kana buɗe fakiti ka ga wanda ya faɗo maka, ka haɗa tawaga. Kamfanin EA ya shigo da wannan cikin FIFA tun 2009 da sashen Ultimate Team. Saukar da wasan a waya kyauta ne. Ana ba ka 'yan katuna kullum in ka buga, in kuma kana gaggawa ka sa kuɗi.

Ma'aunin Matan Fada

Kafin mu ce abu rashin adalci ne, sai mun san da me muke auna adalcin. Ba sai mun je nesa ba. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato, ake bikin kamun kifin nan da UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta ke jeruwa a bakin Matan Fada, a ba da alama, su faɗa ruwa lokaci ɗaya. Kayan aikin kowa homa ce da gora. Ba a barin mai hali ya zo da jirgin inji ko ƙaton koma ya share ruwan. An kuma hana su a wurin kafin ranar, Sarkin Ruwa na lura.

Duk da haka ba kowa ke fitowa da giwan ruwa ba. Akwai sa'a, akwai sanin ruwa, akwai dogon numfashi, kuma ba wanda ke kiran waɗannan zalunci. Abin da aka ƙi shi ne a shigo da nasara daga waje. A 2008 an ƙwace kambun wanda aka fara bayyanawa ya yi na ɗaya, bayan an gano kifin nasa ya riga ya mutu kafin a fito da shi daga ruwan gasar.

Ma'aunin ke nan: kaya iri ɗaya, lokacin farawa ɗaya, da alƙalin da ba shi da riba a kan wanda ya ci. Bari mu ɗora wasannin kati a kai.

Abin da kuɗi ke saye

Masu kare waɗannan wasannin suna cewa kuɗi lokaci kawai suke saye, wai duk katin da mai kuɗi ya samu yau, kai ma za ka same shi in ka yi haƙuri. Sukan kafa hujja da ƙwararrun da suka buɗe sabon asusu a Hearthstone, ba su kashe ko sisi ba, suka kai matakin ƙoli na Legend. Hakan ya faru, ba ƙarya ba ne. Amma ka lura da su wane ne: mutanen da wasan ne sana'arsu, suna yini a kai, sun san kowane kati a ka. Wannan ya nuna ƙwarewa mai yawa na iya cike giɓin. Bai nuna babu giɓin ba. Tambayar da ta dace ita ce, in mutum biyu iyawarsu ɗaya, ɗaya ya biya ɗaya bai biya ba, wa zai fi ci?

Amsar ta danganta da wasan. A Clash Royale katin da kansa yana da mataki, kuma kowane mataki na ƙara masa ƙarfin bugu da juriya da kamar kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya fi ka mataki uku, katinsa ya fi naka ƙarfi da kusan kashi ɗaya bisa uku, alhali kati ɗaya ne, suna ɗaya, hoto ɗaya. Nan kam babu ɓoye-ɓoye, kuɗi na ƙara faɗin homa. Haka katin ɗan ƙwallo na musamman da aka ƙara wa lambobi yake a wasannin ƙwallo.

A Hearthstone da Magic kuwa kati ba ya ƙara ƙarfi don ka biya. In ka kammala dami guda mai kyau, to naka da na attajiri daidai suke. Wato fifikon yana da iyaka. Sai dai mai kuɗi na da dami biyar ko goma. Idan salon wasa ya juya, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, kai kuwa kana nan da guda ɗayanka. Yana iya gwaji ya yi kuskure ya koya, kai kuskure ɗaya zai ci maka tarin wata biyu. Sannan haƙurin da ake ce ka yi yana da wa'adi: Hearthstone na fitar da sababbin katuna sau uku a shekara, kuma tun 2016 ake cire tsofaffi daga babbar gasar. Kafin ka gama tara na bana, an fito da waɗanda suka fi su.

Me ya sa ba ka ganin abin a sakamako?

Nan ne wurin da ya fi ruɗar mutane. Za ka ji mai kashe kuɗi yana rantsuwa cewa shi ma rabin wasanninsa cinye shi ake yi. Kuma gaskiya yake faɗa.

Dalili shi ne tsarin haɗa abokan karawa. Yawancin wasannin nan suna amfani da wani abu mai kama da lissafin Arpad Elo, malamin fiziks ɗin da ya tsara wa 'yan darar Turawa, wato ces, hanyar auna ƙarfi, wadda hukumar wasan ta duniya ta karɓa a 1970. Kowa na da maki. In ka ci makinka ya hau, in an ci ka ya sauka, kuma ana haɗa ka da mai maki kusa da naka. A lissafin Elo, wanda ya fi ka maki 200 ana sa ran ya kwashi kamar kashi 76 cikin ɗari na wasanninku, shi ya sa ba a cika haɗa ku ba.

Yanzu ka ɗauka Sani da Bello iyawarsu ɗaya. Bello ya sayi katuna, ya fara cin wasa 55 cikin ɗari. Makinsa zai yi ta hawa har ya tarar da mutanen da suka fi shi iyawa amma katunansu ba su kai nasa ba, sai ya koma cin rabi. Sani ma rabi yake ci, amma a ƙasa. Ka duba sakamakonsu, ka ga kamar babu bambanci. Bambancin yana wurin matakin da kowa ya tsaya. Kuma da zarar Bello ya koma cin rabi, sai ya ji kamar katunansa sun tsufa, ga sabon fakiti ana talla. Don haka duk wanda ya kawo maka yawan nasararsa a matsayin hujjar cewa kuɗi ba sa tasiri, ka tambaye shi a wane mataki, kuma cikin wata nawa ya kai can.

Lissafin fakiti

Da a ce kati ake sayarwa kai tsaye, kamar yadda za ka je kasuwa ka nuna abin da kake so, da da sauƙi. Mafi yawa fakiti a rufe ake sayar maka. Ka ce damar samun katin da kake nema ɗaya ce cikin ɗari. Mutane da yawa na zaton in suka buɗe ɗari dole ya fito. A'a. Cikin mutum ɗari da kowannensu ya buɗe fakiti ɗari, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Ko sun buɗe ɗari biyu, kusan 13 ba za su gan shi ba. Fakitin da ka buɗe jiya bai matso da kai kusa ba, sai fa in wasan ya yi alkawarin hakan a rubuce.

Ga wani lissafin. In akwai katuna 100 daban-daban, kowanne damarsa ɗaya, kana ja ɗaya-ɗaya, hamsin ɗin farko za su taru cikin ja kamar 69. Goman ƙarshe kuwa sai ka ja kusan 293, kuma gaba ɗaya kamar 519. Shi ya sa farkon wasa ke da daɗi, kullum sabon abu, sai ka yi nisa ka ga ƙofa ta tsuke. A Hearthstone, ƙera katin Legendary ɗaya na cin abin da za ka samu in ka narkar da ƙananan katuna 320. A yi musu adalci, sun rage wannan matsalar: ba ka wuce fakiti 40 ba ka samu Legendary ba, kuma tun 2020 ba a maimaita maka kati sai ka kammala ajinsa.

Lada da ke zuwa ba a san lokacinsa ba shi ne wanda ya fi riƙe mai nema, kamar yadda B. F. Skinner ya nuna tuntuni a gwajinsa da tantabaru da ɓeraye. A 2018 David Zendle da Paul Cairns sun tambayi 'yan wasa sama da 7,000, suka ga masu kashe kuɗi da yawa a irin waɗannan fakitoci sun fi nuna alamun matsalar caca. Binciken bai tabbatar da wanne ke jawo wanne ba, amma alaƙar tana nan. Sin ta tilasta a riƙa bayyana damar samun kowane abu tun 2017, Beljiyam kuma a 2018 ta ce irin waɗannan fakitocin na kuɗi caca ne a dokarta, har EA ya daina sayar da makin FIFA a can a farkon 2019.

Dala a can, naira a nan

Akwai wani rashin daidaiton da ya shafe mu kai tsaye. Fakiti 40 na Hearthstone an daɗe ana sayar da su kusan dala 50. A Amurka, mai karɓar mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25 a awa, aikin awa bakwai ne. A nan, bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato dala 50 ta kai naira 75,000, ta wuce mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. Ɗalibin Waziri Umaru Polytechnic ko ɗan manomin shinkafa a fadamar Rima, wanda gidansu ke lissafin taki da man injin ban ruwa, a tsani ɗaya yake hawa da wancan. Ba a ma zo maganar data da caji ba.

Hukuncinmu

Eh, kuɗi na ba da fifiko. A wasannin da kati ke da mataki, fifikon a fili yake. A irin su Hearthstone da Magic yana da iyaka, amma ana ɗaga iyakar duk 'yan watanni. A ma'aunin Matan Fada sun faɗi wajen kaya, sun faɗi wajen lokacin farawa. Na ukun ya fi damun mu: mai sayar da homar shi ne alƙalin gasar, shi ke yanke ƙarfin kowane kati, shi ke yanke ranar da zai daina amfani.

Ba mu ce a yi wasa kyauta ba, masu zane da masu rubuta manhaja albashi suke ci. Legends of Runeterra, wanda Riot ya fitar a 2020, ya bari ka sayi ainihin katin da kake so, yana kuma rabon kyauta hannu sake. A Janairun 2024 kamfanin ya rage ma'aikatan wasan, ya ce abin da yake ci ya fi abin da yake kawowa. Wannan ya nuna maka adalci na da tsada a kasuwar nan, kuma mu 'yan wasa mun fi zuba kuɗi inda ake ja mana rai.

In kana son sanin wa ya fi iyawa tsakaninka da abokinka, ku nemi sashen da aka daidaita kaya. Clash Royale na da gasannin da ake mayar da katin kowa mataki ɗaya. Hearthstone na da Arena, inda kowa ke zaɓen katuna nan take daga abin da aka miƙo masa, ba daga rumbunsa ba. A ƙwallo, ku ɗauki ƙungiyoyi na ainihi kamar yadda ake yi a shagon gem. Kafin ka sayi fakiti, ka buɗe shafin da aka rubuta damar samun katin, ka yi lissafin nan na sama, ka mayar da shi naira. In ƙaninka ko ɗanka ke amfani da wayarka, ka cire katin banki daga shagon manhaja. Idan kuma an cinye ka a tsani, ka duba matakin katunan abokin karawarka tukuna kafin ka yanke cewa ba ka iya ba.