Jinjina Ga Jean Béliveau, Gwanin Hokin Ƙanƙara

A Kanada, ba a hirar wasan hoki na kan ƙanƙara ba a ambaci Jean Béliveau ba. Ya ci wa ƙungiyar Montreal Canadiens ƙwallo 507, ya ɗaga kofin Stanley sau 10. Da ya ajiye sanda a 1971 sai ya shiga shugabancin ƙungiyar, suka ƙara ɗaukar kofin sau 7.

Ni dai halinsa ya fi burge ni. Wasiƙun magoya baya da kansa yake amsawa, ya rattaba hannu ɓaro-ɓaro yadda ko yaro zai karanta. A 1994 aka yi masa tayin kujerar Gwamna Janar na Kanada, ya ce a'a, domin ya tsaya kusa da 'yarsa da jikokinsa marayu. Dattijon arziki ke nan. Ya rasu a 2014.