Jan Doki a Majigi: Bitar Fim ɗin Secretariat

Akwai tikitin caca sama da dubu biyar da aka yanka a filin sukuwa na Belmont, a New York, ranar 9 ga Yuni, 1973, kuma duk sun ci, amma masu su ba su taɓa komawa sun karɓi kuɗinsu ba. Ribar dai ba ta taka kara ta karya ba, don wanda ya zuba dala biyu dala biyu da santi ashirin zai karɓa, tunda kowa ya san dokin da zai zo na ɗaya. Sai mutane suka gwammace su adana 'yar takardar, ta zama shaidar cewa a kan idonsu aka yi. Ni ba ruwana da caca, amma wannan labari ya daɗe yana yi mini yawo a rai, kuma da shi nake auna fim ɗin Secretariat, wanda kamfanin Disney ya fitar a 2010, Randall Wallace ya ba da umarni. Duk wanda zai yi fim a kan wannan doki ya ɗauko Dala ba gammo, domin zai yi gogayya ne da abin da mutane suka gani da idonsu suka riƙe shekara da shekaru.

Na kalli fim ɗin ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, kuma har yanzu idan aka zo wurin tseren ƙarshe sai na gyara zama.

Ga wanda bai san dokin ba: Secretariat sunansa, an haife shi ranar 30 ga Maris, 1970, a gonar Meadow da ke jihar Virginia ta Amurka. Ubansa ingarma ne mai suna Bold Ruler, uwarsa goɗiya Somethingroyal. Ja ne jawur, ƙafafunsa uku farare, da ɗan fari a goshi, shi ya sa 'yan barga da masoya suke ce masa Big Red, wato Babban Ja. A 1973, yana ɗan shekara uku, ya cinye manyan tsere ukun nan na Amurka, Kentucky Derby da Preakness da Belmont, abin da rabon wani doki ya yi tun Citation a 1948. Lokacin da ya kafa a kowanne cikin ukun har yau ba a karya shi ba.

Fim ɗin ya ɗora labarin a kan Penny Chenery, matar aure mai 'ya'ya huɗu da ke zaune a Colorado, wadda ta karɓi ragamar gonar mahaifinta da tsufa da ciwo suka kwantar da shi. Diane Lane ce ta fito a matsayinta, kuma a nan yabona zai fara. Ba ta cika ɗaga murya ba. Ƙarfinta a tsayuwarta yake, da yadda take ɗan yin shiru kafin ta ba namiji amsa, kamar mai auna ko ya cancanci amsar. Akwai wurin da ta kutsa kai cikin wani kulob da mata ba sa shiga don ta ga Bull Hancock, mai gonar Claiborne. Yadda ta wuce mai tsaron ƙofa da jakarta a hannu, ko waige babu, ya gaya mini halin matar fiye da duk dogayen jawaban da marubucin fim ɗin, Mike Rich, ya sa mata a baki daga baya. Haka nan wurin ƙuri'ar kwabo tsakaninta da attajiri Ogden Phipps. Abin ya faru da gaske: dangin Phipps ne ke da Bold Ruler, kuma maimakon a biya shi kuɗin barbara, sai a jefa kwabo a raba 'ya'yan da aka samu. Phipps ya ci ƙuri'a ya zaɓi nasa, rabon Penny ya faɗa a kan ɗan da ke cikin Somethingroyal ba a ma haife shi ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Lane ta yi wannan wuri da ɗan murmushi a gefen baki, irin na wadda ta faɗi kuma ta san faɗuwar ta zo daidai da zama.

John Malkovich, a matsayin mai horaswa Lucien Laurin, shi ne gishirin miyar. Huluna masu ban dariya, riguna masu kalar da ke kashe ido, da faɗa cikin Faransanci idan ransa ya ɓaci. Laurin na gaske tsohon mahayi ne ɗan Quebec ta Kanada, gajere, ba shi da wannan tsayi ko wannan ado, amma na yafe wa Malkovich, saboda ya kama abu guda da na yarda da shi: tsoron mutumin da aka damƙa wa dukiyar da ta fi ƙarfinsa, yana fargabar kada ta lalace a hannunsa. Wanda ya hau dokin kuwa, a matsayin Ron Turcotte, mahayi ne na gaske mai suna Otto Thorwarth. An yi dabara a nan. Zaman mutum a kan sirdi ba ya ƙarya, kuma duk wanda ya taso yana kallon masu kilisa zai gane bambancin wanda ya saba da likkafa da wanda aka ɗora jiya.

Amma abin da ya sa nake komawa ga fim ɗin shi ne gudun. Dean Semler, mai ɗaukar hoton, ya sauko da kyamara ƙasa-ƙasa, daf da kofato, har ƙasar fili tana fallatsowa kamar za ta shiga idon mai kallo. Ana jin huci. Ana jin ƙarar fata da ƙarfe, da yadda mahaya ke yi wa juna ihu idan an matse a kwana. A tseren Kentucky Derby, na 5 ga Mayu, 1973, Secretariat ya taso ne daga can baya, ya dinga wuce dawaki ɗaya bayan ɗaya har ya gama mil ɗaya da kwata cikin minti 1 da daƙiƙa 59 da 'yan kai. Abin mamakin ranar shi ne kowane kwatan mil ya yi shi da sauri fiye da wanda ya gabace shi, alhali doki, kamar mutum, raguwa yake yi idan tafiya ta yi nisa. Fim ɗin bai tsaya yi mana lissafi ba, ya bar mu mu ji abin a jikinmu, kuma hakan ya fi.

Wurin da na fi so a dukan fim ɗin, duk da haka, ba a filin sukuwa aka ɗauke shi ba. Da aka zo tseren Preakness, sai Wallace ya ƙi shirya shi da dawakin haya. Ya kai mu falon gidan Penny, mijinta da 'ya'yanta sun kewaye akwatin talabijin, kuma abin da ke kan allon hoton tseren ne na ainihi na 1973, da dishi-dishinsa da komai. A nan muke ganin Babban Ja da kansa, lokacin da ya zabura daga baya a kwanar farko ya zagaye sauran ta waje kamar suna tsaye. Wannan zaɓi ya nuna Wallace ya fahimci inda dokin yake zaune a zukatan mutane. Galibin waɗanda ke ba da labarinsa yau ba su je filin Pimlico, inda aka yi Preakness, ko Belmont ba. A falo suka gan shi, tare da iyayensu, a shekarar da talabijin ke cike da tonon sililin badaƙalar siyasa ta Watergate da ragowar baƙin cikin yaƙin Biyetnam. A mako guda hotonsa ya hau bangon mujallun Time da Newsweek da Sports Illustrated. Mutane sun gaji da fuskokin 'yan siyasa, sai ga wata halitta da ba ta iya ƙarya ba.

Sai Belmont. Mil ɗaya da rabi, wajen mita 2,400, dawaki biyar kacal. Secretariat da babban abokin karawarsa Sham suka fita da gudun da duk masani ya ce ganganci ne a tsere mai wannan tsawo, wanda ya fara haka ba ya kai labari. Sham ya sare. Shi kuwa Ja sai ƙara mai yake yi. Ya gama cikin minti 2 da daƙiƙa 24 cif, ya bar na biyu a baya da tsawon doki 31. Yadda fim ɗin ya ɗauki wannan wuri ya burge ni: ana cikin hayaniya sai a ɗauke sauti ɗif, a nuna kwanar ƙarshe babu kowa, fili fayau, kana jira, kana jira, sannan ya ɓullo shi kaɗai. Wannan shirun ya fi kowane kiɗa. Da ma a nan aka tsaya. Amma nan take sai aka sako waƙar coci mai tafi da amshi, ta cika wurin, kuma a ganina ta ƙwace wa mai kallo damar jin abin da kansa. Wanda ya ga doki ya yi wannan ba ya bukatar a gaya masa ya yi murna.

Daga nan ƙorafina ya fara, kuma ƙorafin masoyi ne.

Fim ɗin yana so mu yarda cewa gonar Meadow na bakin rugujewa, Secretariat ne kaɗai zai cece ta. To, ina Riva Ridge? Wannan doki na gonar Meadow ne, Laurin ne ya horar da shi, Turcotte ne ya hau shi, kuma shi ya ci Kentucky Derby da Belmont a 1972, shekara guda kafin nan. Kuɗin da ya kawo ne suka fara tsayar da gonar da ƙafafunta, kuma Penny da kanta ba ta ɓoye irin son da take masa ba. A fim ɗin kuwa kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Na gane dalili: idan aka nuna wannan mata da wannan mai horaswa sun riga sun ci Derby bara, labarin marasa galihu da suka ba duniya mamaki ya rushe. Sai dai ainihin labarin bai rasa nasa tashin hankalin ba. Mahaifinta, Christopher Chenery, ya rasu a Janairun 1973, harajin gado ya taso, aka raba dokin hannun jari 32, kowanne dala 190,000, jimla dala miliyan 6.08, kuɗin da ba a taɓa sa wa doki ba a lokacin, kuma tun bai shiga ko ɗaya daga manyan tseren ba. Sannan, mako biyu kafin Derby, ya je tseren Wood Memorial ya zo na uku, daga baya aka gano ƙurji ne a bakinsa ya hana shi kama linzami. Fim ɗin ya kawo duk wannan, kuma ya isa ya riƙe mai kallo ba tare da an share Riva Ridge ba.

Wanda aka fi zalunta shi ne Sham da mai horas da shi, Pancho Martin, wanda aka mayar da shi wani mai cika baki da ɗagawa don dai a sami mugu a labari. Sham ba abin raini ba ne. A Derby ya bugi ƙofar tashi da baki har haƙoransa suka fita, amma ya zo na biyu da lokacin da a kusan kowace shekara shi ne zai ci. Laifinsa ɗaya, an haife shi shekara ɗaya da Babban Ja. Fim mai zurfi da ya ba shi ko da minti biyu na tausayi.

Haka Eddie Sweat, baƙar fatar da ke kula da dokin, mai wanke shi da ba shi abinci da kwana kusa da shi. Nelsan Ellis ya yi ƙoƙari, kuma wurin da ya fito da asuba yana shelanta wa kujerun filin Derby, Churchill Downs, da babu kowa a kansu cewa Ja ya cinye abincinsa yana sa ni dariya kowane lokaci. Amma an bar shi a gefe, mai murmushi da addu'a kawai. Duk wanda ya san barga ya san mai doki suna ne nasa, wanda ya san tarin dokin da canjin takunsa shi ne mai share masa turke. Akwai fim guda cur a cikin rayuwar wannan bawan Allah, ba a yi shi ba tukuna.

Ƙananan abubuwa ba sa damuna sosai. An nuna Penny da Laurin tsaye a kan goɗiya daren haihuwa, alhali Laurin bai ma kama aiki a gonar ba a lokacin. An ɗauki tseren Belmont a filin Keeneland na Kentucky, wanda bai kai na ainihin faɗi ba, masu ido sun lura. Wannan duk hakkin mai shirya fim ne. Na ma ji daɗin ganin Penny Chenery ta gaske, tsohuwa tukuf, an nuno ta cikin 'yan kallo a tseren ƙarshe. Ta rayu har 2017, ta rasu tana da shekara 95.

Fim ɗin ya tsaya a ranar nasara. Dokin ya yi ritaya a ƙarshen 1973 da nasara 16 cikin tsere 21, ya koma gonar Claiborne, inda mutane suka yi ta zuwa kallonsa har cutar kofato ta kama shi aka hutar da shi ranar 4 ga Oktoba, 1989, yana da shekara 19. Likitan da ya buɗe gawarsa ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai wajen kilo 10, fiye da ninki biyu na ta sauran dawaki. An binne shi ɗungurungum, girmamawar da ba kowane dokin tsere ake yi wa ba. Turcotte kuwa ya faɗo daga wani doki a 1978, a Belmont ɗin dai, bai ƙara taka ƙafarsa ba.

Duk sanda na gama kallon fim ɗin, sai na buɗe intanet na nemo hoton tseren Belmont na ainihi. Minti biyu da rabi ne, kalarsa ta koɗe, muryar mai sharhi Chic Anderson tana rawa. Akwai wurin da mai kyamara ya yi ta ja da baya don ya haɗa Ja da sauran dawaki a allo ɗaya, abin ya gagara. Can kusa da ƙarshe Turcotte ya ɗan karkata kai ya waiga, yana neman waɗanda suka taso tare.