Zambo, Gwanintar Maroƙan Damargu

A ƙasar Damargu, daga Belbeji har Tanut, maroƙin da bai iya zambo ba rabin maroƙi ne, komai daɗin muryarsa. Yabo kowa na iya jerawa, a kira mutum giwa, a ambaci kakanninsa. Zambo kuwa sai mai ido da kaifin harshe.

Abin da Bahaushe ke kira zambo shi ne muzanta mutum cikin waƙa ko kirari ta hanyar zana kamanninsa da halinsa har jama'a su tuntsure da dariya. Ya sha bamban da zagi, don ashar ba ta buƙatar basira. Ƙanin zambo shi ne habaici, irin wanda mace ke rerawa tana daka gero, kishiya na bakin murhu tana ji, in ta tanka a ce wanda ya tsargu da shi ake. Habaici hali yake taɓawa a fakaice. Zambo mutumin yake ɗaukowa ɗungurungum ya aje a tsakiyar fage, sau da yawa ba tare da an faɗi sunansa ba.

A fada zambo ya yi ƙarfi. Gadon sarauta ɗaya ne, 'ya'yan sarki da yawa, saboda haka makaɗin fada ba ya tsayawa ga kambama ubangidansa, sai ya kassara masu hanƙoron kujerar. Haka Narambaɗa ya yi a Isa, haka Ɗanƙwairo, kuma fadar Damagaram ta san irin wannan kiɗa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fito da shi fili da waƙar Gagarabadau. Larabawa ma na da nasu, hija'i, wanda mawaƙa Jarir da Farazdaƙ suka shafe shekaru suna jifan juna da shi a zamanin Banu Umayya.

Je ka wurin biki ka ga aikin. Maroƙi ya yabi wani mai hali, hannun bai shiga aljihu ba. Sai ya sassauta kiɗa, ya juya wa mutumin baya, ya fara da rawaninsa da ya kusa rufe masa ido, ya gangaro kan rumbun geron da ɓera ma ke kwana da yunwa a gindinsa. 'Yan amshi su karɓa, mata su rufe baki da mayafi. Abu ɗaya na gaskiya yake kamawa ya hura shi, domin in ƙarya ce zalla ba wanda zai gane mai kayan. Kuma ya san inda zai ja burki: in ya taɓa uwar mutum, dattawa sun tashi, fage ya watse. Wannan awon ne ya fi burge ni.

A Damargu, inda Hausawa da Buzaye da Fulani da Dagirawa ke cin kasuwa ɗaya, kunnen mutane ya saba da ba'ar taubasai, wadda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Shi ya sa ake zambo cikin aminci a nan, a yi dariya a ci tuwo tare.

Tsofaffin gwanayen suna ƙarewa. Gidajen rediyon karkara da matasa masu wayoyi, ku neme su ku naɗi muryoyinsu tun suna raye.