Usman Sow: Hannun da Ya San Jiki

Marigayi Usman Sow, mutumin Senegal (1935–2016), ya daɗe yana aikin gashin ƙashi kafin ya shahara a ginin mutum-mutumi. Shi ya sa kowace jijiya ta 'yan kokawarsa na Nuba take zaune daram a muhallinta. Da aka baje ayyukansa bisa wata gada a Paris a 1999, jama'a sun yi cincirindo.

Sai dai Nubawan nan daga hotunan wata Bajamushiya, Leni Riefenstahl, ya ɗauko su. A ganina ƙarfi ya ji, amma baƙunta ba ta ɓuya ba. Fulaninsa masu kitso kuwa, kai ka ce yanzu za su amsa sallama.

To, 'yan uwa marubuta, mutanen labaranmu fa? Mun zauna da su, ko a hoto muka gan su?