Wasan Ɗalibai da Jigon Asali a Littafin El Buscón

Daga cikin ƙagaggun labaran ƙasar Sifen, kaɗan ne suka fito da zaman ɗalibai fili kamar El Buscón na Francisco de Quevedo, wanda aka fara bugawa a Saragosa a 1626. Marubucin ya san abin da yake faɗa, domin shi kansa ya yi karatu a Jami'ar Alkala.

Tauraron labarin, Pablos, ɗan wani wanzami ne ɓarawo daga Segobiya, wanda ya bi ubangidansa Don Diego zuwa Alkala a matsayin bara. Ranar da ya fara shiga harabar jami'a, ɗalibai suka kewaye shi suka yi masa wanka da majina da yawu. Da dare kuma barori 'yan'uwansa suka lakaɗa masa duka. Wannan shi ne abin da suka ɗauka nishaɗi. Daga nan ne yaron ya ƙudura sai ya fi kowa iya shege, har ya damfari uwar ɗakin masaukinsu kaji ta hanyar tsorata ta da kotun coci.

A nan ne jigon littafin ya ci karo da abin da labarin ya nuna. Quevedo, ɗan masu sarauta, yana son a yarda cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wato asalin Pablos ne ya lalata shi. Amma mai karatu na ganin ƙarara cewa a jami'a aka koya masa mugunta, da sunan wasa. Manazarcin da ya tsaya ga barkwancin kawai, ya yi wa littafin rabin karatu.